Bangon littafi: Midjourney ko mai zane?

Midjourney, wato tsarin ƙirƙirarriyar basira (AI) mai haɗa hoto daga bayanin da ka rubuta masa, zai ba ka hotuna huɗu cikin ɗan lokaci, a kuɗi kaɗan. Wajen gyara ake jin jiki. Ka ce a juya fuskar jarumi, sau da yawa sai kamanninsa su sauya, domin sabon hoto yake haɗawa. Yatsu da rubutu kuwa, sai an sa ido sosai. Ga shi a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da rajistar irin waɗannan hotuna.

Mai zane ya fi tsada, yana cin kwanaki. Amma zai miƙa fayil mai ɗigo 300 a kowane inci (ma'aunin ingancin hoto wajen bugawa), yadda maɗaba'a ke so, ya gyara hanci bai taɓa ido ba. In littattafan jeri ne masu jarumi ɗaya, shi za ka nema.