Shekara biyu ina kula da Gitea a wurin aikinmu

A ƙarƙashin teburina, kusa da inbata, akwai wata tsohuwar kwamfuta wadda ko allo ba a jona mata ba. Duk manhajar da mu bakwai muka rubuta cikin shekara biyun nan a cikinta take kwana. Gitea, manhajar da tawaga ke ajiye kod ɗinta a ciki ta yi aiki tare, ita ce ke gudana a kanta, kuma ni aka ɗora wa nauyin kula da ita, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kai.

Kafin ta zo, aikinmu a filashi da WhatsApp yake yawo. Wannan ya dunƙule fayiloli ya tura wa wancan, wancan ya gyara ya mayar, kwana uku ba wanda ya san wanne ne sabo. Mun so mu koma GitHub, shafin ajiye kod a intanet, kamar kowa, sai wani babban abokin cinikinmu ya gindaya sharaɗin cewa kod ɗinsa ba zai fita daga ofishinmu ba. Ga kuma intanet da ke yi mana wasan ɓuya. Na fara gwada GitLab, wata manhajar mai irin aikin Gitea, kuma ba ni da abin cewa a kan ingancinta, amma rigar ta fi ƙarfin wuyanmu: a lokacin tana son RAM aƙalla gigabait 4, kwamfutar tamu kuwa iyakar abin da take da shi ke nan gaba ɗaya.

Gitea fayil ɗaya ce tak. An rubuta ta da harshen Go, ta ɓalle ne daga wata manhaja mai suna Gogs a 2016, kuma kyauta ce. Na sauke ta bayan azahar, na zaɓi SQLite don rumbun bayanai, na buɗe burauza a kan tasha ta 3000. Kafin a kira la'asar kowa ya yi rajista ya sa mabuɗinsa na SSH, wanda da shi Gitea ke gane kwamfutarsa. Tun ranar ban taɓa jin fankar kwamfutar nan ta yi kukan wahala ba.

Mutane da yawa na haɗa Git da Gitea su ɗauka abu ɗaya ne, har da wasu da suka daɗe a harkar. Git shi ne injin da ke riƙe tarihin kowane gyara. Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005 don aikin Linux, ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano a cikin shekarar. Gitea kuwa zaure ce da aka gina a gaban injin: nan ake sallama, a ga wane ne ya kawo me, a duba aikin juna, a ba wani izini a hana wani. Na fahimci muhimmancin wannan bambancin ne ranar da matsala ta fara zuwa, domin kusan duk abin da ya tayar mana da hankali a Git muka warware shi, ba a zauren ba.

Ta farko wuta ce ta jawo. Akwai wani matashi ɗan bautar ƙasa da ke tare da mu, batirin laftof ɗinsa ya mutu murus, sai a jone take aiki. Yana tsakiyar yin kwamit, wato adana gyaransa cikin tarihi, aka ɗauke wuta, layin da yake kai kuma ba ya kan inbata. Da aka tayar da janareta ya kunna, sai na ji ya ce, "Oga, don Allah zo ka gani, ya ƙi yin komai." Kowane umarni ya ba shi, amsa ɗaya ce: wani fayil a cikin `.git/objects` fanko ne. Na ga gumi a goshinsa, don aikin yini biyu ne bai tura ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kada ya goge ko ɗigo. Muka kwafe jakar gaba ɗaya gefe, `git fsck` ya nuna mana abin da ya lalace, sannan muka jawo sabon kwafi daga Gitea, muka ɗora fayilolinsa na aiki a kai, ya sake kwamit. Ko layi ɗaya bai ɓata ba, saboda abin da wutar ta taɓa tarihin da ke kwamfutarsa ne, fayilolin da yake rubutu a ciki suna nan lafiya. Akwai masu bin hanyar share fankon fayilolin su gyara alamar reshe (layin aiki a cikin tarihin Git) da hannu, kuma tana aiki, amma ga wanda hannunsa ke rawa sabon kwafi ya fi aminci.

Ta biyu ta fi zafi, kuma sakacina ne ya buɗe mata ƙofa, don ban kulle babban reshe ba, wato inda aikin kowa ke haɗuwa. Wani abokin aikinmu ya yi ƙoƙarin tura gyaransa, Git ya ƙi karɓa saboda akwai sabon aiki a saba, wato kwamfutar da Gitea ke kanta, da bai jawo ba. Maimakon ya jawo ya haɗa, sai ya ƙara `--force`, wanda ke tilasta wa Git ya danne abin da ke can da nasa. Nan take aikin kwana uku na wata abokiyar aikinmu ya ɓace daga babban reshe. Da ta zo da safe ta ga nata ya saɓa da na saba, ta ɗauka kuskuren daga wajenta yake, ta yi `git reset --hard` ta daidaita da abin da ke can. Ka ga ke nan ya ɓace a wuri biyu. Ta zo ta tsaya a bakin teburina ta ce, "Malam, aikina fa babu shi," muryarta ƙasa-ƙasa.

A nan ne na ƙara ganin girman wannan injin. Na zauna a kwamfutarta na rubuta `git reflog`, sai ga jerin duk inda ta taka a kwanakin nan, kowane da lambarsa. Layi na biyu shi ne inda take kafin ta yi reset. Muka buɗe sabon reshe a kan lambar nan, aikin ya dawo cif, har da saƙon da ta rubuta a kwamit na ƙarshe. Git ba ya gaggawar zubar da abin da aka riga aka adana: a tsarinsa na asali yana riƙe irin wannan sawun har kwana 30 ga abin da ya yanke daga kowane reshe, kwana 90 ga sauran. Abin da ba zai iya dawo maka da shi ba shi ne wanda ba ka taɓa adanawa ba, shi ya sa nake matsa wa yaranmu su riƙa yin kwamit kanana-kanana, ko aikin bai kammala ba.

A ranar na shiga saitin Gitea na kulle babban reshe. Ba mai tura komai kai tsaye, har ni. Kowa ya yi aikinsa a reshensa, ya nemi a haɗa, wani ya duba ya amince. Minti biyar bai cika ba na gama saita wannan, kuma a ganina shi ne abu mafi daraja a manhajar baki ɗaya. Wanda ya zama dole ya tilasta turawa a reshen kansa, na koya masa `--force-with-lease`, wanda ke tsayawa idan wani ya taɓa reshen tun bayan jawowarka ta ƙarshe. Da farko an yi gunaguni, wai na mayar da aiki kamar neman sa hannun darakta. Yanzu su da kansu suke rigima idan an haɗa abu ba a duba ba.

Akwai wata ƙaramar matsala da mu masu Hausa muka fi cin karo da ita. Muna da fayilolin fassara masu suna da harufa masu lanƙwasa. Git kan nuna ƙ a sunan fayil a matsayin `\306\231`, sai ka ga jerin lambobi kamar an yi ɓarin gero. Ba lalacewa ba ce, yadda yake nuna duk harafin da ba ya cikin ASCII, wato jerin harufan Turanci na asali, ke nan. Umarnin `git config --global core.quotepath false` ya gyara shi. Haka nan bambancin ƙarshen layi tsakanin masu Windows da masu Linux, wanda ke sa a ga kamar mutum ya sauya fayil dukansa alhali kalma ɗaya ya taɓa: layin `* text=auto` a fayil ɗin `.gitattributes` ya kashe wannan rigimar.

Sau ɗaya kuma kalmar sirrin rumbun bayanai ta shiga tarihi. Na wanke ta da `git filter-repo`, kowa ya sake jawo sabon kwafi, amma kafin duk wannan sai da na sauya kalmar, don abin da ido bakwai suka riga suka gani ba wanki ke mayar da shi sirri ba.

Inda Gitea ta gajiyar da ni shi ne kwafin ajiya. Umarnin `gitea dump` yana dunƙule komai cikin fayil ɗaya, wannan ba wuya, ko da yake an fi so ka tsayar da ita tukuna don kada a yi rubutu ana tsakiyar kwafa. Mayarwa ce aiki: da hannu za ka kwance, ka kai ma'ajiyoyi wurinsu, ka kai `app.ini`, fayil ɗin saitin Gitea, wurinsa, ka loda rumbun bayanai, ka sake gina ƙugiyoyin Git, ƙananan umarnin da ke tashi da kansu idan an turo gyara, idan hanyar fayiloli ta sauya. Ranar da na fara gwadawa a wata kwamfuta daban, yini guda na kashe. Gaskiya ne kowane ma'aikaci yana da cikakken tarihin kod a kwamfutarsa, amma tattaunawar da aka yi wajen duba aiki, da jerin matsalolin da aka rubuta, da izinin kowa, duk a sabar kaɗai suke. Sabuntawa ma kai za ka bibiya: ka karanta bayanin sabon fitowa, ka ɗauki kwafi, ka musanya fayil ɗin. Tsarin gwajin kod kai tsaye da suka shigo da shi a 2023 yana aiki, sai dai yana buƙatar ka kafa wata manhajar daban da za ta riƙa gudanar da gwajin, kuma wannan kam tsohuwar kwamfutarmu ba ta ɗauka ba, sai da muka ware masa wata.

Idan ku ƙaramar tawaga ce, kuna da dalilin riƙe kod a gida, kuma akwai mutum ɗaya da zai yarda ya ɗauki kulawar a matsayin aiki na gaske, ina ba da shawarar Gitea ba tare da ɗar ba, ko 'yar'uwarta Forgejo da ta fito daga jikinta a ƙarshen 2022. Idan babu wannan mutumin, ku yi zamanku a GitHub ko GitLab na intanet, su ɗauke muku wahalar. Mu dai muna nan a kanta. Duk daren Juma'a kwafi na fita zuwa wani faifai da nake tafiya da shi gida, farkon kowane wata kuma ina mayar da shi a wata kwamfutar in tabbatar yana tashi. Watan jiya minti arba'in ya ɗauke ni.