Gwajin ruwa hawa-hawa wajen haƙar bohol: aikin ya yi, kamfanin ne ya ɓata min rai

Tun da na fara maganar haƙa bohol a gidana da ke gefen garin Sakkwato, shawara ɗaya nake ji a bakin kowa: a haƙa har a sami ruwa, a zura kesin (bututun da ke tare bangon ramin), a sa sumo, shi ke nan. Haka maƙwabtana suka yi. Na hagu ruwansa zartsi ne, sabulu ba ya kumfa da shi, har gobe jarkokin 'yan ga-ruwa yake saye don sha, bohol ɗin ya koma na wanki da ban ruwan shuka. To da wani kamfani ya ce suna da tsarin tsayawa a duk hawan ƙasar da ruwa ya fito, su ɗebi ruwan wannan hawan shi kaɗai su gwada kafin su wuce, sai na ce a yi min. Ga kuɗin haƙar kowace mita, ga dizal, ga kesin. Abin da suka ɗora na gwajin ba ƙarami ba ne, yayana ma cewa ya yi asarar kuɗi ce zalla.

Injin nasu mai juyawa ne da ruwan laka, irin wanda ake kwaɓa hodar bentonayit a rami tana zagayawa. Duk rodi ɗaya ya shige, yaron injiniya zai tari abin da ramin ya amayo a rariya, ya ɗauraye, ya jera tsibi-tsibi a kan buhun siminti, ya rubuta zurfin a guntun kwali. In an kai inda ake zaton ruwa sai a dakata, a zaro rodi kaf, a zura ƙaramin bututu mai sikirin, wato sashe mai ƙananan ƙofofi da ruwa ke shiga ta cikinsu, daidai wannan hawan, a zuba tsakuwa a kewayensa, a bi samanta da bentonayit ya kumbura ya toshe hanya don kada ruwan wani hawa ya gangaro ya haɗu da shi. Daga nan a hura iska da kwamfuresa. Ruwan farko laka ce, ba a ɗibarsa. Sai ya washe, kuma lambar na'urar auna gishirin ruwa ta tsaya wuri ɗaya, sannan a cika kwalabe. Kowace tsayawa tana cinye mafi yawan yini, leburori na zaune a inuwa, kai kuma mai aiki kana jin ƙarar kwamfuresa kana lissafin mai.

Ba mu yi nisa ba, ko mita 30 ba mu kai ba, aka shiga farin dutse. Injiniyan ya ce irin dutsen da kamfanin siminti ke fasawa ne a Kalambaina, shi ne shimfiɗe a ƙarƙashin wannan yankin namu. Lakar da ke zagayawa ta fara ɓacewa cikin ramin, ya ce alamar dutsen na da tsaga da koguna ke nan. Da aka shirya bututun gwaji aka hura iska, wallahi ruwa ya yi tsiri ya fi tsayin katanga. Bayan ya washe sai ga shi fari tas. Na tara hannu na kurɓa: sanyi, ba zartsi ko kaɗan. Kafin ka ce me, yaran unguwa sun taru da bokitai.

Mai tuƙa injin dattijo ne, ya sauko yana goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka. A nan za a tsaya. Tun kafin a haifi wasu nake wannan aiki, in na ga ruwa na san shi." Yayana ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka? A sa kesin mu huta." Ni ma zuciyata ta kwanta da hakan, don mitocin da ba a haƙa ba kuɗi ne da zai zauna a aljihuna.

Injiniyan yaro ne matashi, ba mai yawan magana ba. Bai ce uffan ba, ya buɗe jakarsa ya ciro wani ɗan gwangwani, ya zaro siririyar takarda mai farin baki, ya tsoma a ruwan ya cire, ya dubi agogonsa har minti ɗaya ya cika. Muna tsaye a kansa bakin takardar ya fara sauya launi, daga fari zuwa ja-ja, har ya rine kamar ruwan zoɓo. Ya kara ta da jerin launukan da ke jikin gwangwanin. Ya ɗauki wata sabuwa ya sake, haka ta yi. Sai ya aiki yaro ya sayo fiya wata, ya fasa ya tsoma ta uku a ciki. Wannan ta zauna fara yadda take.

Ya ce, "Alhaji, naitiret ne a ruwan nan. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da ta Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun tsaya a kan miligiram 50 a lita. Wannan ya wuce nan sosai." Na ce daga ina? Ya nuna min da hannu: masan gidajen da ke kewaye, sokawe, turken dabbobi, da jujin da ke bayan layinmu. Ya ce da yashi ne mai kauri da ya ɗan tace wasu abubuwan, amma tsagar farin dutse hanya ce buɗaɗɗiya, abin da ya zuba a sama yana isa ƙasa ba tare da wani shamaki ba. Naitiret ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya sauya launin ruwa. Babba zai sha bai ji komai ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ne abin ji, musamman in da ruwan ake haɗa masa madara: jininsa zai kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓɓansa su yi duhu. Na ce ai sai a riƙa tafasawa. Ya girgiza kai ya ce tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, naitiret kuwa ƙara masa kauri take yi, don ruwa ne ke tafiya a tururi shi yana nan. A lokacin uwargida na goyon jaririya. Jikina ya yi sanyi.

Nan fa rigima ta tashi. Dattijon ya ce, "Yaro, takarda ce za ta koya min ruwa?" Leburori suka goyi bayansa, don wani aikin na jiransu a wani gari kuma sai sun kammala rijiya ake sallamarsu. Yaron nan bai ɗaga murya ba, ya ce, "Baba, ka fi ni sanin inji nesa ba kusa ba. Amma in aka sa sikirin a nan, ba zan sa hannu a takarda ba." Ya koma gefe ya kira ofishinsu, aka daɗe ana ja-in-ja a waya, daga ƙarshe aka ce a ci gaba da haƙa. Wannan tsayuwar da ya yi ita kaɗai ta biya ni kuɗin gwajin. Da irin haƙar da aka saba ce, da yau wannan ruwan muke sha muna yabon sanyinsa.

Ƙarƙashin farin dutsen baƙar laka ce doguwa, wadda ya ce ita ake kira hawan Dange. A cikinta yaron mai rariya ya riƙa tsinto wasu ƙwayoyi masu ƙyalli da farce ke iya kankarewa, wai jifsom ne. An sami siririn yashi a tsakiya, aka gwada, ruwan ɗaci-ɗaci, lambar na'ura ta zarce 1000 ɗin da aka ƙayyade. Maƙwabcina na hagu ya zo ya ɗanɗana ya tofar, ya ce, "Wallahi ruwan gidana ke nan." Sai da muka haura mita 80 aka faɗa lallausan yashin da suke kira na Wurno. A nan lambar ta sauko, takardar naitiret ta zauna fara. Injiniyan ya ajiye bokiti ɗaya ya kwana a buɗe, da safe muka ga ɗan rawaya-rawaya ya kwanta a gindinsa. Ya gaya min gaskiya cewa akwai ƙarfe a ruwan, amma shi ana iya maganinsa a gida. Na roƙa a haɗa da gwajin fulorayid, don ina da dangi ta wajen Maraɗi kuma babu wanda bai ji abin da ya faru a Tibiri ba, inda yawan wannan sinadarin a ruwan bohol ɗin da aka haƙa wa garin a shekarun 1980 ya rina haƙoran yara ya karkata ƙafafun da yawa daga cikinsu.

Da a nan aka tsaya, da ba abin da zan rubuta sai yabo. Amma duk lokacin da na tuna ranar siminti sai raina ya sake ɓaci.

A yarjejeniya an rubuta ƙarara cewa za a sa sikirin a hawa na uku kawai, sannan a cike tsakanin kesin da bangon rami da siminti tun daga saman tsakuwa har a rufe hawa biyun nan marasa kyau. Ana gobe za a yi, ofis ya ɗauke injiniyan ya tura shi wani aiki. Kafin ya tafi ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ranar siminti kada ka je ko'ina." Da safe mota ta zo da buhunan da ko daɓen bakin rijiyar da ƙyar za su isa. Ina kallo leburori suka ɗauki shebur suka fara tura ƙasar da aka haƙo cikin gefen kesin. Na ce ku tsaya, me ake yi haka? Suka ce cikewa za a yi da ƙasa, a sa siminti a sama. Jama'a, in aka yi haka, ruwan masan nan da ruwan zartsin za su bi bayan kesin su sauka cikin tsakuwa su shiga sikirin. Duk tsayawar da aka yi, duk dizal ɗin da aka ƙona, duk kuɗin gwajin, sun tafi a banza, kuma ba mai ganewa sai bayan an daɗe ana sha.

Na kira manaja. Abin da ya fara ce min shi ne, "Ranka ya daɗe, haka ake yi ko'ina." Na ce shi ya sa ko'ina ake kuka da ruwa, ni kuma ba abin da ake yi ko'ina na biya ba. Muka yi ta yi har ya ce in sayo simintin da ya rage za a cire daga cikon kuɗinsu. Na sayo, aka dama shi ruwa-ruwa aka tura ta bututu daga ƙasa yana hawowa, ina tsaye har aka gama. Da takardar lissafi ta zo ba a cire ko sisi ba, sai ma ƙarin wani abu da suka kira kuɗin zaman inji, alhali tsayawar nan ita ce ainihin aikin da suka sayar min tun farko. Kamfanin da ke tallar gwajin ruwa hawa-hawa kuma yake ƙyashin buhun siminti, ban san me zan kira shi ba.

Batun ɗakin gwaji ma bai yi min daɗi ba. Kwalbar da za a duba ƙwayoyin cuta a ciki, injiniyan da bakinsa ya ce dole ta zauna cikin ƙanƙara ta isa ɗakin gwaji a ranar, in ta daɗe kada ta wuce kwana guda. Na ga kwalaben hawa na farko da idona a bayan a-kori-kura, cikin kular da ba ƙanƙara, a cikin zafin ranar Sakkwato. Sakamakon ya yi ta jan ƙafa, da ya zo kuma hoto ne aka turo min a WhatsApp, an rubuta 1, 2, 3 ba tare da zurfin kowanne ba, gurbin salfet, sinadarin da jifsom ke sakewa a ruwa, kuma babu komai. Dole na ɗebi ruwan da kaina bayan an sa sumo na kai wani ɗakin gwajin daban. Can aka tabbatar naitiret yana ƙasa sosai, fulorayid bai kai miligiram 1.5 a lita da aka ƙayyade ba, babu ƙwayar cutar bahaya, ƙarfe ne kawai ya ɗan haura 0.3 da ake so. Mai gyaran famfo ya sa min kan shawa a bakin tankin farko, ruwan na zuba yana shan iska, ƙarfen ya kwanta, sannan ya bi ta matatar yashi zuwa tanki na biyu. Yanzu shi muke sha, da shi ake haɗa wa yarinya madara, fararen kaya ma ba sa yin ja.

Ramin lakar kuwa haka suka tafi suka bar shi a buɗe a ƙofar gida, sai da akuyar maƙwabta ta faɗa aka ciro ta da igiya, na sa aka cike shi da kuɗina.

Mutum biyu a layinmu sun tambaye ni lambar kamfanin. Na ce musu gwajin kam su yi shi ko da bashi ne, musamman mai gida a inda masai suka kewaye, amma su sa a rubuta adadin buhunan siminti da sunan injiniyan da zai tsaya daga farko har ƙarshe, kuma kada su biya ciko sai takarda ta shigo hannu. Ni har yanzu ba a ba ni tawa ba, wadda ke nuna hawa-hawan ƙasar da inda sikirin yake da inda siminti ya tsaya, kuma ita duk mai gyara zai nema ranar da sumo ya sami matsala. Manaja ya kira yana tambayar cikon kuɗinsu. Na ce ya cire na simintina, ya aiko da takardar da sa hannun yaron nan a kanta, ya karɓi kuɗinsa a ranar.