Garejin da ya mayar mini da Fijo 504 motar tsere, yaransa kuma suka kai ta rakiyar amarya

Mutum uku ke nan suna tare ni suna tambayar inda aka yi mini aikin farar Fijon nan mai lamba 75 a ƙofa. Na ƙarshen a bakin babban masallacin Poumpoumré ya riƙe ni bayan Juma'a, sai da ya leƙa har ƙarƙashin motar da babbar rigarsa. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama suna ba. Duk mai harka da tsofaffin motoci a Garwa ya san dattijon da nake nufi, mai gareji a gindin darbejiya, wanda ba ya taɓa motar da ke da kwamfuta a cikinta.

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 GL ce ƙirar 1977, mai inji lita 2 da kafireta Solex. Tun 2009 take ajiye a tsakar gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Masu sayen ƙarafa sun yi ta zarya, na hana. Abin da ke raina tun ina yaro shi ne in ga ta koma irin wadda Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya ci tseren Safari da ita a Kenya a 1975. Matasan yanzu suna ganin 504 sai su ce motar tasha ce ta ɗaukar buhun gyaɗa. Ba su san a wannan shekarar Hannu Mikkola ya ci tseren Maroko da ita ba, mai karanta masa hanya kuwa Jean Todt ne, wanda daga baya ya riƙe ƙungiyar tseren Ferrari har ya shugabanci FIA, hukumar tseren motoci ta duniya. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ciyo wa Fijo Safari da mai ƙofa biyu, mai inji V6, ya haɗa da tseren Bandama na Kodebuwa. Mai ƙofa biyun ita ce ta 'yan gayu, Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, amma ina zan same ta a Garwa? Tawa mai ƙofa huɗu ce, irin ta 1975, shi ya sa na zaɓi lamba 75.

Yabon gwani ya zama dole. A kan bugun jikin mota ban ga na biyun tsohon nan ba daga nan har Marwa. Ranar da aka jawo motar da igiya aka kai masa, bai ce komai ba, sai ya ciro wani guntun maganaɗisu na tsohuwar lasifika daga aljihu ya dinga manna shi a jikin motar. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, mastik ne aka cika aka rufe da fenti. Ya faɗi wuri huɗu. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan ba gyara ba ne, kwalliyar gawa ce. Ni idan na gama, ka zo da naka maganaɗisun ka gwada duk inda kake so.” Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Daben motar ya rube a gefen direba, har kana hango ƙasa ta ramin. Ya yanke ya fitar, ya buga sabon falle da guduma a kan kututturen itace, har ƙwaryar nan da kamfani ke yi wa daben don ya yi ƙarfi sai da ya fitar da ita da hannu. Ya bi duk mahaɗar jikin ya ƙara walda, ya ninka ƙarfe a inda shokazoba na gaba ke zama, don a nan ne jikin ke fara tsagewa idan mota ta sha hanyar burji. Kejin ƙarfe na ciki, wanda ke hana rufi ya danne mutum idan mota ta kife, a nan muka fara sa-in-sa, kuma shi ke da gaskiya. Ni na sayo bututun ruwa don sauƙi. Ya jefar da shi gefe ya nuna mini ɗinkin da ke tsawon bututun, ya ce nan zai dare kamar kara. Dokar FIA ma bututu marar ɗinki take nema, babban bakan ya kai milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Sai da na jira mako biyar kafin a samo mini a Duwala, kuɗin motar kawowa kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Amma da ya gama lanƙwasawa ya dasa kowace ƙafa a kan farantin ƙarfe, ko Bature ya gani zai gyaɗa kai.

Sauran kayan ba sai na ja ba. Fistin da zobba da kuloci daga Panteka ta Kaduna suka zo ta Yola, tunda a Kaduna aka yi ta harhaɗa 504 tun 1975 har shekara talatin, kayanta ba su ƙare a can ba. Wili na 505 na sa, don ramukan kusoshi huɗun nan na Fijo ba su shiga na kowace mota. An sake saƙa lagireto layi uku saboda zafin Afrilu, an ɗaura farantin kare ƙasan inji, sai fitilu huɗu na Cibié a gaba, waɗanda wani ɗan'uwana ya ɗauko mini a jaka daga Faransa. Kun san abin da guda ɗaya ke kai wa yanzu, ba sai na faɗa ba.

Wata uku ya ce. Mun shiga na bakwai. Wannan ma ban riƙe shi a rai ba, don wani jinkirin daga wajena ne, wani kuma ya ce ba zai fesa fenti cikin ƙurar hunturu ba, kuma na yarda.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan da ɗacin rai.

Saura kwana goma azumi, lokacin da kowace unguwa ake ɗaura aure uku a rana. An gama fenti, an ɗaure inji, an tayar da shi sau biyu kacal a gabana. Tsohon da bakinsa ya gargaɗe ni cewa sabon zobe lallaɓa shi ake yi, kilomita dubun farko kada in kuskura in taka mata wuta, kada in ɗora mata kaya. Muka yi da shi Laraba in zo in ɗauka. Ranar Lahadi da daddare ina shan shayi a ƙofar gida, 'yar wana ta fito da waya a hannu ta ce, “Baffa, wannan ba motarka ba ce?” Na karɓa. Bidiyo ne na daƙiƙa arba'in a WhatsApp, wata ƙawarta ta ɗora. Fili ne na ƙasa, jama'a sun yi da'ira, mata na rangaɗa guɗa, ga wata farar mota a tsakiya tana juyi a wuri ɗaya, ƙura ta turnuƙe. Na ce a raina farar 504 ai ba ni kaɗai ba. Sai ta juyo da gefe. Ga 75 ɓaro-ɓaro a cikin da'irar ƙofa. An ɗaura balan-balan a jikin kejin da na jira mako biyar. Mutum shida na ƙirga a ciki, bayan kujeru biyu ne kawai a motar, ɗaya ma a kan taga yake zaune yana kaɗa hula. Ƙarar injin kuwa, wallahi har yau idan na tuna sai in ji kamar haƙorina ake cirewa. Sun danne totur har ƙasa, injin da bai yi tafiyar kilomita biyar ba.

Ban yi barci ba. Sau nawa na kalli bidiyon, Allah kaɗai ya sani. Uwargida ta ce in ajiye wayar kada hawan jini ya kama ni a kan ƙarfe. Ita ba ta san a kujerar bayan motar nan aka kai ni makaranta ranar farko ba.

Da sassafe na isa garejin. An wanke ta tas, an lulluɓe da tamfol kamar babu abin da ya faru. Na yaye. Fitila uku a gaba, ta huɗun wai an cire za a gyara waya. Na buɗe ƙofa, warin ƙonannen kuloci ya doke ni, ga takardar alewa da wani ɗan kunne guda a ƙasan kujera. Mitar da na bari a 41,206 ta koma 41,289. Na miƙa wa tsohon wayar ban ce uffan ba. Ya kalla har ƙarshe, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya cire hula. Ya ce, “Alhaji, don girman Allah ka yi haƙuri. Ina Gidar wajen gaisuwar rasuwa tun Juma'a. Yara ne.” Ya kira babban yaron, ƙanin angon ashe, ya kore shi a gabana, ya ce kuloci da fitila a wuyansa suke. Mutumin ya haife ni, ga furfura, ga idonsa ya kawo ruwa. Jikina ya yi sanyi. Na ce ba komai Baba, ai ba a mugun sarki sai mugun bafade. Har na ji kunyar yadda na shigo ba sallama.

Ya canza kulocin da kuɗinsa, wannan gaskiya ne. Bayan sallah na ɗauki motar na nufi Lagdo, kuma a ranar na yafe komai. Wanda bai taɓa tuƙa 504 a hanyar da ta lalace ba ba zai gane ba. Tana haɗiye rami kamar tuwo, gaba ya nutsa ya taso a hankali, baya ya biyo, ba ƙara, ba girgiza, sitiyari shiru a hannu. Da rana tsaka, zafin da ke sa kwalta laushi, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Jandarmomin da suka tsayar da ni a hanya, bayan sun duba takardu, hoto suka roƙa su yi da ita. Na dawo ina cewa in an tambaye ni zan ba garejin nan tara cikin goma.

Sai ranar da nake wanke ta da kaina da yamma. Rana ta faɗo a kan gefen baya na hagu, na ga hasken ya ɗan karkace a wuri guda, faɗin tafin hannu biyu. Ba kowa zai lura ba. Na shiga ɗaki na ɓalle maganaɗisun wata matacciyar rediyo. Ƙofa, ya kama. Rufi, ya kama. Gefen dama, ya kama. Gefen hagu, sama da taya, ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake mannawa, ya sake faɗuwa.

Na koma kan bidiyon, na tsayar da shi a daƙiƙa ta talatin da huɗu. Bayan motar ya shiga cikin ƙura ta wajen wani turken rumfa, rumfar ta girgiza, mutane suka watse. Da can hankalina na kan ƙarar inji, ban gani ba.

To ga abin da ke ci mini rai. Yaran garejin nan na san hannunsu, ko bamba ba su iya fesawa ba tare da fenti ya zubo ba. Wanda ya cike wurin nan ya goge shi ya haɗa farin da farin har ido bai rabe ba, gwani ne, kuma gwani ɗaya ne a gindin darbejiyar nan. Ko dai ya dawo daga Gidar tun kafin in zo ya tarar ya rufe, ko kuma ya yi shi cikin kwanakin da motar ta ƙara wajen canjin kuloci. Kowanne ne, ya sani, ya dube ni ido cikin ido da hula a hannu bai faɗa ba. Mutumin da ya kira mastik kwalliyar gawa! Da ya ce mini, Alhaji an buga gefen, ba ni kwana huɗu in fitar da shi da guduma, wallahi da ko tari ba zan yi ba. Kuma yaron da aka kora a gabana, makon jiya na wuce a kan babur na hango shi a garejin yana kwance taya.

Da na je da maganaɗisun na nuna masa, bai musa ba. Cewa ya yi bai so ya ƙara mini ɓacin rai a bakin azumi ba, kuma mastik ɗin ɗan kaɗan ne. Ɗan kaɗan ɗin ne ya kasa riƙe maganaɗisu. Yanzu kuma da safe idan na tayar da ita sai ta ɗan busa shuɗin hayaƙi, ta sha mini rabin litar baƙin mai a kilomita 400. Shi ya ce man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, da nake sha ne. Ni ban taɓa jin fetur ya sa mota shan baƙin mai ba, zobban da aka azabtar a filin biki nake zargi.

Masu tambaya ko su kai tasu, ga amsata: in aikin jiki ne ko keji, ku kai, ba ku da wani zaɓi da ya kai shi. Amma ranar da aka ɗaure inji, ku cire batir da makulli ku tafi da su gida, ku ɗauki hoton mita, kada kuma motarku ta kwana a can cikin watan Sha'aban. Tara cikin goman nan na janye ta, biyar ma don darajar daben da ya buga ne.

Ya ce in mayar da ita Alhamis zai kankare wurin ya buga shi yadda ya kamata, kyauta. Zan kai, amma da kujerata da butar shayina zan je, in zauna a gindin bishiyar har ya gama. Fitila ta huɗun kuma har yau ana gyara mata waya.