Lidl ko Aldi? Amsa ga ɗan'uwan da ke son fara aikin katako a gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka kama gida a Manchester, kana son ka haɗa kantar littattafai da wurin ajiye takalma da gadon yara da hannunka, sai ka ga kayan kafinta a manyan kantunan Lidl da Aldi da arahar da har ta sa ka shakka. Ka tambaya wanne ya fi, kuma ko za ka iya saya wa ƙanenka da ke kafinta a Kano ka aika masa. Na daɗe ina aiki da kayan kantunan nan biyu a ɗan rumbun bayan gidana, don haka ga abin da na gani.

Idan injin mai batir ne, ka bi Lidl. Idan kayan hannu ne ko inji mai waya, duk wanda ka tarar a cikin biyun ka duba shi da kyau ka ɗauka. Maganar ƙanenka kuwa daban take, zan zo kanta.

Kantunan biyu 'yan Jamus ne. Aldi ta shigo Ingila a 1990, Lidl ta biyo ta a 1994. Babu wadda ke ƙera inji da kanta a cikinsu, wasu kamfanoni ke yi musu su manna suna. Na Lidl sunansa Parkside, koren nan da ɗan fim Arnold Schwarzenegger ke yi wa talla. Na Aldi kuma Ferrex, a da an fi sanin kayan da Workzone. Duka biyun suna ba da garantin shekara 3 a kan yawancin injuna, kuma duka biyun ranar Alhamis da Lahadi suke zuba sababbin kaya a layin tsakiyar kanti. Abin da ka gani yau, in ya ƙare ya ƙare, sai ka yi watanni ba ka sake ganinsa ba. Wannan ɗabi'ar ita ce tushen duk shawarar da zan ba ka.

Ka ga, wanda ya sayi injin huda mai batir ba inji kaɗai ya saya ba, ya ɗaura aure ne da batirin. Batirin Parkside ba ya shiga Ferrex, na Ferrex ba ya shiga Parkside, kuma babu wanda ke shiga Makita ko DeWalt a cikinsu. Sau da yawa ma injin tsirara ake sayar da shi, batir da caja kuɗinsu daban, shi ya sa farashin da ke jikin kwali yake yi wa mutum daɗi a ido. Batirin Lidl ana ce masa X 20 V Team, kuma dangin injunan da ke cinsa suna da yawa ƙwarai, daga injin huda da zarto har na yankan ciyawa. A shagunan unguwarmu na fi ganin kayan Parkside suna dawowa akai-akai, har da batir da caja su kaɗai. Aldi tana da nata, Activ Energy, mai dabara guda mai kyau: akwai batirin da ke ba da bolt 20 a ƙaramin inji, ya ba da 40 a babba. Amma a abin da na gani kayanta sun fi jinkirin dawowa, kuma tun 2023 Aldi ta daina sayar da irin waɗannan kaya ta intanet a Ingila. Lidl ma a nan sai ka taka zuwa kanti. To idan batirinka ya mutu a tsakiyar aiki, wanda ya fi saurin dawowa kasuwa shi ne abokin tafiya.

Kada lambar 20 ɗin nan ta ruɗe ka ka ɗauka ya fi na Makita mai 18 ƙarfi. Abu ɗaya ne. Ƙwayoyi biyar ne a jere a ciki, kowace bolt 3.6, ka ga 18 ke nan. In an cika caji sai su haura zuwa wajen 20, masu talla kuma suka zaɓi babbar lambar. Abin dubawa shi ne lambar Ah, wato yawan cajin da batir ke ɗauka: mai 2 ya ishi injin huda da ɗaure sukuru, amma zarto yana zuƙe shi nan da nan, mai 4 yake so. Lidl tana da wani layi baƙi mai suna Parkside Performance, da yawa daga injunansa ba su da kabon, wato ɗan gawayin nan na cikin motar inji da ke cinyewa, kuma batirin ɗaya ne da na koren. Injin da za ka riƙa ɗauka kullum, wato na huda, idan ka samu baƙin ka ƙara kuɗin.

Inda Aldi ta yi suna a wurin masu aikin katako shi ne cizal, ƙarfen nan na sassaƙa katako. Paul Sellers, tsohon kafintan Ingila da ke koyar da aikin hannu, ya daɗe yana yabon saitin cizal guda huɗu masu ƙotar itace da Aldi ta riƙa kawowa a ƙasa da fam 10. Ina da irinsu. Yadda suka fito daga kwali ba sa cin komai, kuma nan ne mutane da yawa suke yanke musu hukunci. Na shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, na goge bayan kowanne har ya yi sumul yana ɗaukar ido, sannan na wasa bakin a kan dutse. Bayan kamar rabin awa, mafi faɗin cikinsu yana fere kan katako yana fitar da ɓawo siriri kamar na albasa. Ƙarfen yana da kyau, aikin ƙarshe ne ba su yi ba, kai za ka yi. Idan ka ga irinsu a ko wanne kanti, ka ɗauka. Haka kilam na matse katako, ba a taɓa cewa sun yi yawa, kuma gadon yaran nan zai ci aƙalla huɗu lokacin da ka sa gam. Aldi takan kawo manyan injuna na kamfanin Scheppach lokaci-lokaci, su ma na Jamus, amma kai da ke farawa ba ka kai nan ba tukuna.

A zarto mai faifai, kantunan biyu kunnen doki suke a wurina, kuma cutarsu ɗaya. Motar injin tana da ƙarfin da ya ishi aikin gida, faifan da ke zuwa da ita ne ba ya da kyau. Yawanci haƙoransa kaɗan ne, wajen 24, masu kyau a tsaga katako ta tsawo amma suna yayyage fuskar filawud. Ka sayi faifai mai haƙora 48 daga kamfanin kirki, ka tabbata faɗinsa da ramin tsakiyarsa sun yi daidai da abin da aka rubuta a jikin injin. Za ka rantse wani zarton aka sauya maka. Haka abin yake a bakin huda da samfefa da wuƙar jigso, ƙaramin zarton injin nan mai yanka lanƙwasa: abin da ke taɓa katako shi ya cancanci kuɗinka.

Akwai abin da ba na so ka yi wa araha, shi ne kayan awo. Na taɓa sayen sukwaya, ma'aunin kusurwar nan mai siffar L, a wani kantin rangwame, na yanka duk allunan wata kabad da ita. Da na zo haɗawa ƙofar ta ƙi zama, ta sama ta matse, ta ƙasa ta bar kafar da yatsa zai shiga. Allo biyu suka tafi a banza. Ga yadda ake gwadawa: ka jingina sukwayar a gefen allo miƙaƙƙe ka ja layi, ka juya ta ɗaya ɓarin ka sake ja a wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna tana da gaskiya, in sun buɗe kamar almakashi ka mayar da ita. Zarton tebur mai araha ma ina ja maka kunne a kansa, ko na wane kanti ne. Idan shingen da ke tare katako yana motsi, katakon kan maƙale ya dawo wa mutum da ƙarfi, kuma hannu ba a sayen wani. Ayyukan nan uku da ka lissafa, zarton hannu mai faifai da allo miƙaƙƙe da ka matse da kilam sun ishe su.

Ranar da ka saya ka ɗauki hoton rasit, domin rubutun takardar yana gogewa tun garanti bai ƙare ba. Ka gwada injin a makon farko, dokar masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka. A jikin kayan Lidl akwai wata lamba da ake ce wa IAN, da ita ake neman littafin inji da masu kula da garanti, kada ka bari ta kankare.

Sai ƙanenka. Wuta ba matsala ba ce, bolt 230 ne nan da can, filogin ma mai ƙafa uku ne iri ɗaya. Matsalar ita ce aikin. Takardun injunan nan da kansu sun ce don aikin gida aka yi su, ba don sana'a ba. Shi kuwa daga safe zuwa magariba yana kan madaci da maɗobiya da ya ɗauko daga 'Yan Katako a Na'ibawa, ga zafi ga ƙura. Garantin ba zai bi injin zuwa Kano ba. Ranar da batir ya mutu sai ya jira ka, kai kuma ka jira Alhamis, sannan a jira mai tafiya gida, wanda dole ya riƙe batirin a jakar hannu don ba a yarda a sa shi cikin akwatin da ake aunawa ba. Na san abin da ya sa kake tunanin mai batir, rashin wuta ne. To ka tura masa kuɗin ya sayi Ingco ko Total a can inda batirinsu yake a kasuwa, ko ka nemo masa Makita ko Bosch mai waya na hannu, irin wanda masu gyara suka sani suna da kabon ɗinsa. Daga Lidl da Aldi ka cika masa jaka da cizal da kilam da tabarau na kare ido.

Kai kuwa ka fara da injin huda na Parkside da batir biyu da caja, zarto mai faifai mai waya daga duk inda ka fara samu, faifai mai haƙora 48, kilam huɗu, da sukwayar da ka gwada. Ka soma da wurin ajiye takalman, shi ya fi yafe kuskure, gadon yara ya zo daga ƙarshe lokacin da hannunka ya faɗa. Allah Ya sa albarka a gidan.