Hattara da Masu Yawo da Na'urar "Hura Ka Ga Ciwonka"

Assalamu alaikum. Abin da ya sami mahaifiyata ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma labari ya iso mini cewa mutanen da suka yi mata wannan aika-aika har yanzu suna nan suna zagaya unguwanni. Yau a harabar wata makaranta, gobe a rumfa kusa da tasha, jibi a wajen taron mata. Duk mai iyaye ko iyali da ke fama da ciwon ciki, don Allah ya daure ya karanta.

Su uku ne ko huɗu. Suna sanye da fararen riguna irin na ma'aikatan asibiti, da kwamfuta a kan tebur, da wata 'yar na'ura da ba ta fi wayar hannu girma ba, an maƙala mata bututun roba. Shelarsu ita ce sun kawo gwajin numfashi na zamani daga ƙasar waje, ba allura, ba ɗibar jini. Kuɗin gwajin bai taka kara ya karya ba, tsofaffi ma kyauta ake yi musu. Mutum zai hura sau ɗaya, kafin minti biyu allon kwamfuta ya cika da jajayen layuka, sai a miƙo masa takarda.

Inna ta kusa shekara biyu tana fama da ƙwannafi da kumburin ciki da yawan gyatsa. Wata maƙwabciyarta ce ta ja ta zuwa wurin. Daren ranar shinkafa da wake ta ci, da safe ta karya da koko da ƙosai, sannan tana cikin shan omeprazole, maganin ƙwannafi da gyambon ciki da ta saba saya a kemis. Ba wanda ya tambaye ta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ku riƙe wannan a zuciya, zan dawo kansa.

Takardar da suka ba ta tana hannuna. An rubuta tana da olsa, da tsutsar hanji, da wai "datti a hanta". A ƙasa kuma an jera abinci goma sha tara da aka ce jikinta ba ya karɓa: wake, gyaɗa, nono, madara, ƙwai, kifi, gero, masara, alkama, albasa, tumatir, da sauransu. Babban nasu ya dubi tsohuwar nan ya ce, "Hajiya, in kika ci gaba da cin waɗannan, ina jiye miki tsoron baɗi." Daga nan sai aka buɗe kwali. Kwalabe huɗu da ƙullin garin shayi, naira dubu tamanin da biyar. Kuɗin adashenta ta ɗauka ta kai musu, kuma ta ɓoye mana don kada mu ce ta yi ɓarna.

Wata biyu ta yi daga farar shinkafa sai dafaffiyar kabewa. Ranar da na je gaishe ta na ga zani ba ya zama a ƙugunta, in ta miƙe daga sallah sai ta dafa bango. Na ce, "Inna, me ke faruwa?" Ta ce, "Kai dai bari ɗan nan, likitoci ne suka hana ni abinci." A ranar ta fito mini da takardar daga ƙarƙashin katifa.

Mun kai ta wurin likitan ciki a asibitin gwamnati. Ya saurare ta, ya danna cikin, ya sa aka auna jini aka ga ya yi ƙasa. Ya ce ta ajiye omeprazole na mako biyu, sannan aka gwada bayan gida, aka sami ƙwayar cutar nan mai haddasa gyambon ciki. Ya rubuta maganin kwana 14. Da na nuna masa takardar mutanen, ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya sa na shiga neman ƙarin sani.

Abin da ya sa ƙaryarsu take shiga shi ne sun jingina ta da gaskiya. Gwajin numfashi yana nan a likitance, kuma ingantacce ne. Sai dai ko kusa bai yi kama da abin da suke yi ba.

Na farko shi ne na gano ƙwayar Helicobacter pylori, wato ita wadda aka samu a cikin Inna. Wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka nuna cewa wannan ƙwaya ce ke bayan yawancin gyambon ciki, har Marshall ya shanye ta da kansa a 1984 don ya tabbatar wa duniya, aka ba su lambar Nobel a 2005. Ƙwayar tana da wata dabara ta rayuwa cikin tsamin tumbi: tana farfasa sinadarin yuriya, sai ya saki iskar kabon. To likitoci suka kama ta ta wannan hanya. Ana ba mutum ya haɗiyi yuriya na musamman da aka yi wa kabon ɗinsa alama, a jira minti goma zuwa talatin, sannan ya hura a cikin jaka ko kwalba. In ƙwayar tana ciki, kabon mai alamar zai fito a numfashi. Ashe ke nan sai an ba ka abu ka sha. Wanda bai ba ka komai ba, me zai nema a numfashinka? Kuma sharaɗi ne mutum ya bar omeprazole da danginsa mako biyu kafin gwajin, ya bar magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, domin suna danne ƙwayar ta ɓuya. Inna tana cikin shan omeprazole aka ce ta hura.

Na biyu shi ne na iskar haidirojin, wanda ake yi wa masu kumburin ciki da zawo bayan sun sha madara ko kayan zaƙi. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera haidirojin da kansa. Ƙwayoyin da ke zaune a hanji ne ke samar da ita idan suka sami sukarin da bai narke ba, sai ta shiga jini, ta bi ta huhu ta fito. Yadda ake gwajin: jajibirin ranar a guji wake da irinsa, a kwana ba a ci komai ba na awa 8 zuwa 12, ba sigari, ba motsa jiki mai ƙarfi. A hura na farko a rubuta. A sha sukari iri ɗaya tak da aka auna, misali giram 25 na sukarin madara. Daga nan a riƙa hurawa duk bayan minti 15 zuwa 30, har kusan awa uku, ana kuma tambayar mutum abin da yake ji a cikinsa. Sai iskar ta ƙaru da kashi 20 cikin miliyan a kan awon farko sannan a ce sukarin bai narke ba. Wuni guda, sukari guda, tambaya guda. Mai son a duba sukarin madara da sukarin 'ya'yan itatuwa, zuwa biyu zai yi a ranaku daban.

Yanzu ku auna da kanku. Tsohuwa ta kwana da wake a ciki, ta karya da ƙosai, ta hura sau ɗaya, aka fito mata da abinci goma sha tara. Ko da na'urar tasu ta gaske ce, abin da za ta nuna kawai shi ne ta ci wake. Ƙwai da kifi kuwa ba su da irin sukarin da wannan gwaji yake bibiya, don haka babu yadda numfashi zai ce jikinka ba ya karɓarsu. Mutumin da gyaɗa ko kifi ke sa wa ƙaiƙayi da kumburin fuska, wannan wata matsala ce ta garkuwar jiki, hanyar bincikenta daban. Wanda alkama ke lalata wa hanji, da jini ake fara gano shi, a tabbatar da ɗan yankin hanji da ake ɗebowa. Tsutsar ciki a bayan gida ake ganinta. "Datti a hanta" kuwa ba sunan wata cuta ba ne, magana ce ta tsorata mutane.

Maganar nono ta fi komai ɓata mini rai, domin shi ne abincin da ke riƙe Inna. Gaskiya ne manya da yawa a duniya, kusan kashi biyu cikin uku, ƙarfin narkar da sukarin madara yana raguwa a jikinsu bayan yarinta, kodayake a cikin makiyaya irin Fulani ana samun da yawa da ƙarfin ke ɗorewa har tsufa. Amma ko wanda ɗanyar madara ke kumbura wa ciki, sau da yawa kindirmo da nono mai tsami ba sa damunsa sosai, saboda tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Yawancinsu ma suna iya shan kofi guda tare da abinci su zauna lafiya. Likita na gaskiya zai ce ka bar madara mako biyu ka gani, sannan ka dawo da ita kaɗan-kaɗan. Waɗannan kuwa sun raba mace mai shekara sittin da wani abu da fura da nono da wake da ƙwai a rana ɗaya, ba don komai ba sai don ta ga ba ta da mafita sai kwalabensu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwajin kyauta tarko ne, cinikin yana cikin kwali.

Sun nuna mata lambar NAFDAC a jikin kwalba, ita kuma hankalinta ya kwanta. Jama'a su sani, lambar da ake ba magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da mai talla ya faɗa. A jikin irin waɗannan kaya ma akan rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ita lambar kanta ana buga ta jabu.

Akwai kuma abin da sai daga baya Inna ta faɗa mini: bututu ɗaya kowa ya sa a baki, ana goge shi da auduga. Layin mutane, har da masu tari. A ɗakin gwaji na ƙwarai kowa da sabon nasa.

'Yan uwan waɗannan su ne masu ba ka wani ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, kwamfuta ta "karanto" ƙoda da hanta da mahaifa cikin minti ɗaya. Salon ɗaya ne, kayan aikin kawai aka sauya.

Asarar kuɗi ana mayarwa. Abin tsoro shi ne lokacin da suke cinye wa marar lafiya. Ƙwayar da aka samu a cikin Inna, tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar tumbi, alhali maganin mako biyu yana kawar da ita a wurin mafi yawan mutane. Duk wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, to ba mai jiran shayin wani ba ne. Asibiti zai nufa a ranar, domin wataƙila sai an zura na'urar hangen ciki. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da likitocin ciki, kuma babban asibitin garinku zai iya tura ku can. Inda babu gwajin numfashi, na bayan gida yana gano ƙwayar sosai, shi aka yi wa Inna.

In sun sauka a unguwarku, tambayoyi kaɗan sun isa su tona su. Me za ku ba ni in sha kafin in hura? Awa nawa zan zauna? Wace iska na'urar take aunawa? Ina rajistarku da hukumar kula da ɗakunan gwaje-gwaje, MLSCN, kuma wane likita ne mai lasisin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, zai sa hannu a sakamakon? Na tabbata za su fara kame-kame. Ina roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu, kada a ba kowa fili ya tara jama'a da sunan duba lafiya sai ya kawo takarda daga ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma a kira a tabbatar. Ganin an yi abin a harabar makaranta shi ya sa Inna ta yarda da su. Wanda aka riga aka cuta ya adana takardar da kwalaben, ya kai ƙara ofishin NAFDAC ko hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kada kunya ta sa ya yi shiru kamar yadda ta sa Inna.

Lambar wayar da suka rubuta a takardarta na kira ta fi sau goma, a kashe take. Inna ta gama maganinta, bayan mako huɗu aka sake gwaji aka ga ƙwayar ta tafi, alhamdu lillahi, ta koma shan furarta. Maƙwabciyar da ta kai ta kuwa har yanzu tana bin tata takardar, ta ce ai kwalba biyu suka rage mata. Gobe in Allah ya kai mu zan je in sami mijinta.