Demon 340 aka ce min, ashe ta jabu ce

Gaskiya motar tana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Dodge Demon ce ta 1971, ruwan lemo, na ɗauko ta haya a nan Michigan don bikin ƙanina. Duk inda muka tsaya sai dattawan Turawa sun kewaye ta, wannan ya ce irinta ya ja yana saurayi, wancan ya roƙi hoto. Ba a cika ganinta ba, don shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta, 1971 da 1972. Gangar jikin Plymouth Duster aka ɗauko aka sa mata fuskar wata motar Dodge mai suna Dart. Tambarinta ne ya jawo mata, wani ɗan shaiɗan riƙe da mashi mai baki uku. Ƙungiyoyin addini suka yi ca, a 1973 aka sauya mata suna zuwa Dart Sport. Kawunmu ma da ya hango tambarin a'uziyya ya yi, ya ce shi a ƙyale shi a motar baya.

To amma kuɗin 340 na biya, injin da a 1971 yake da ƙarfin doki 275. Muna hawa babban titi na taka totur, sai ƙara, babu ja. Wata ƙaramar motar iyali ta wuce mu ango yana min dariya. Da muka isa, wani abokina bakanike ya leƙa lambar shasin motar ta gilashin gaba. Harafi na biyar G ne, wato injin 318, wanda bai kai 340 ƙarfi ba. Na 340 H ne. Layukan jiki da rubutun 340 duk liƙa su aka yi daga baya.

Na kira mai hayar, wai ai kowa ya san kwaikwayo ce. A ina aka rubuta? Tallan nasa 340 ya ce ɓaro-ɓaro, kuma ko sisi bai rage min ba.

Da na yi niyyar ba shi tauraro uku saboda hotunan bikin sun fito. Sai na tuna birkin da sai ka taka tun daga nesa, ga warin fetur da ya kama babbar rigar ango. Ɗaya ya ishe shi. Mai son haya a wurinsa ya duba harafin nan kafin ya miƙa katinsa.