Asusun kasuwar kuɗi ko ajiyar wake?

Mutane a Maradi sun yawaita tambayata: a zuba kuɗi a asusun kasuwar kuɗi, ko a sayi wake da kaka a ajiye?

Asusun yana tara kuɗin jama'a ya ranta wa gwamnatoci da bankuna na gajeren lokaci. Ribar kaɗan ce, ana kuma cire ladan masu kula da shi. Haɗari ma akwai: bayan juyin mulkin 2023, takunkumi ya hana Nijar biyan bashinta kan lokaci. Batun kuɗin ruwa kuwa, a tambayi malamai.

Wake yakan yi tsada da bazara, amma ƙwari kan mayar da buhu gari, kuma in an rufe iyakar Jibiya ciniki ya tsaya.

Mai albashi, asusun ya fi masa sauƙi. Mai sito da ya san kasuwa, wake ya dace da shi.